Talabijin Kyauta a Ƙasar Waje: Jagorar Sabon Zuwa Kan Eriya da Na'urar Naɗa Shirye-shirye

Da zarar ka kama ɗakin haya a Amurka, takardun talla za su fara cika akwatin wasiƙarka. Kamfanonin kebul ne, kowanne yana kiranka ka haɗa intanet da talabijin a farashi mai rahusa. Galibi rahusar ta shekara ɗaya ce. Tana ƙarewa kuɗin zai haura, ga hayar dikoda, ga wasu ƙananan caji da aka rubuta da siraran haruffa a ƙasan takarda. 'Yan'uwa da yawa kan sa hannu saboda sun ɗauka a ƙasar nan ba a kallon komai sai an biya, alhali manyan tashoshin ƙasar suna watsa shirye-shiryensu ta iska, kyauta, ga duk mai eriya. Miliyoyin Amurkawa sun yanke wayar kebul sun koma wannan hanya, kuma kai da ka zo jiya, kana lissafin haya da abin aikawa gida, ka fi su buƙatar saninta.

Abin da ake kamawa ta iska

A kusan kowane babban gari za ka samu ABC, CBS, NBC, Fox da PBS, da tashoshin Sifaniyanci irin su Univision da Telemundo. Tun ranar 12 ga Yuni, 2009 manyan tashoshin Amurka suka daina watsawa a tsohon tsarin analog suka koma dijital, don haka hoton yana fita tas, babu yayyafin nan da muka saba gani a da. Kowace tasha kuma tana goye da ƙananan tashoshi, shi ya sa za ka ga lamba kamar 7.1 da 7.2. A ciki akwai na tsofaffin finafinai, na labarai, da PBS Kids wadda a garuruwa da yawa ke nuna shirye-shiryen yara dare da rana.

Amfanin ya wuce nishaɗi. Tashar garinku ce za ta faɗa maka an rufe makarantu gobe saboda dusar ƙanƙara, ko guguwa ta doso unguwa kaza a nemi mafaka, ko an sauya wata doka da ta shafi masu tuƙi. Ita ce kuma makarantar kunne. Danna maɓallin CC a rimot, maganar da ake yi za ta riƙa fitowa a rubuce a ƙasan hoto. Uwargida da ke fama da saurin Turancin mutanen nan, ta riƙa kallon labaran yamma da rubutun a kunne. Kunne da ido suna taimakon juna, kuma sannu a hankali harshen zai zauna. Masu ƙwallo su ma da rabonsu: wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, Super Bowl, a waɗannan tashoshi ake nuna shi, kuma Fox da Telemundo ne suka sayi haƙƙin nuna gasar cin kofin duniya ta 2026.

Kayan gida ba za su yi aiki a nan ba

Kada ka wahalar da wani ya taho maka da dikodar StarTimes ko GOtv. Tsarin watsawa na gida shi ne DVB-T2, na Amurka da Kanada kuwa ATSC, kuma ba sa jin yaren juna. Wutar lantarkin ma daban: ta gida ta haura bolt 200, ta nan 120 ce.

Abin da kake buƙata yana cikin talabijin ɗin da za ka saya a nan. Tun watan Maris na 2007 doka ta wajabta a sa na'urar kama tashar dijital a cikin kowane talabijin da ake sayarwa a Amurka. In na hannu za ka saya, juya bayansa ka duba. Za ka ga wani ɗan bakin ƙarfe zagayayye mai zare kamar na kusa, an rubuta ANT ko RF a gefensa. Nan ake ɗaura wayar eriya. Idan babu shi, allon kallo ne kawai aka sayar maka, sai ka nemi na'urar kama tasha ta daban.

Zaɓen eriya da inda za a kafa ta

Kafin ka sayi komai, shiga shafin hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ka nemi taswirar kama tashoshi, ko ka duba RabbitEars ko AntennaWeb. Sa adireshinka, za su nuna maka tashoshin da ke isowa, ƙarfinsu, da kusurwar da turakunsu suke. Mazaunin Bronx, alal misali, tashoshinsa daga saman dogayen benayen Manhattan suke fitowa, One World Trade Center da Empire State, saboda haka tagar da ke duban kudu ita ce abar nema. A Chicago daga tsakiyar gari ne, a Los Anjalis daga kan dutsen Wilson.

Wanda ya taso a gidan da ake ɗaura eriya a kan gora, ɗaya yana murzawa a waje ɗaya yana ciki yana cewa "ya yi, tsaya nan", ya riga ya san rabin aikin. Bambancin kawai shi ne dijital ba ta da tsaka-tsaki: ko hoto ya fito cikakke, ko ya kakkarye ya tsaya cak. Don haka ɗaga eriyar sama gwargwadon iko, kusa da taga, nesa da firji da ƙofar ƙarfe. Shiga saitin talabijin, zaɓi "Antenna" ko "Air" maimakon "Cable", sannan ka sa shi ya lalubo tashoshi. Duk lokacin da ka matsar da eriya, ko da taku ɗaya ne, sake lalube. Sau da yawa tsakanin bango da taga ne ake samun ƙarin tashoshi masu yawa.

Ka lura da abu uku a kasuwa. Na farko, rubutun da ke jikin kwali cewa eriya tana kamawa daga mil 200 ko fiye talla ce kawai. Lanƙwasar doron ƙasa kan tare sigina a wajen mil 60 zuwa 70, ko da eriyar kan rufi ce. Na biyu, tashoshi kashi biyu ne, VHF daga lamba 2 zuwa 13, da UHF daga 14 zuwa 36. Faffaɗar eriyar nan mai kama da takarda da ake mannawa a taga ta fi ƙwarewa a UHF. A New York tashar ABC tana kan VHF, kuma eriya mai dogayen ƙahonni biyu, duk da arharta, takan fi kama ta. Na uku, busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ba ta ƙirƙiro siginar da babu. Tana da amfani idan wayar ta yi tsawo ko an raba ta zuwa ɗakuna, amma a kusa da turakun tasha tana iya cika na'urar da ƙarfi har tashoshi su ɓace. Gwada ba tare da ita ba tukuna, kuma ka ajiye rasiti, domin yawancin manyan shaguna suna karɓar kaya idan aka mayar cikin wa'adi.

Haƙƙinka a gidan haya

Tun 1996 akwai dokar FCC da ake kira OTARD, wadda ta hana mai gida ko ƙungiyar masu gidajen unguwa hana ka kafa eriya a wurin da yake naka kai kaɗai, kamar cikin ɗaki ko barandarka. Dokar ba ta ba ka damar hawa rufin da kowa ke da haƙƙi a kansa ba, ko huda bangon waje. Idan abin ya kai ga haka, nemi izinin mai gida a rubuce. Wanda ya mallaki gidansa kuma zai kafa a kan rufi, ya samo ma'aikacin da zai haɗa eriyar da wayar ƙasa saboda tsawa.

Naɗar shiri don kallo daga baya

Yawancinmu a nan aikin dare ne ko na canji: tuƙi, jinya, ɗakin ajiyar kaya. Lokacin da ake labarai kana bakin aiki, lokacin wasa an kira salla, da azumi kuwa ana tarawihi. Nan na'urar naɗa take shigowa. Tana ajiye maka shirin, tana kuma ba ka damar tsayar da abin da ake nunawa kai tsaye, ka idar da salla ka dawo ka ɗora daga inda ka tsaya. Ta fuskar doka babu damuwa: tun 1984 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar kamfanin Sony da Universal, ta yanke cewa naɗar shiri a gida don kallo daga baya halal ne. Sayar da shi ko ɗora shi a intanet shi ne laifi.

Kafin ka zaɓa, fahimci abu ɗaya: yawan makaman tasha da ke cikin na'ura shi ne yawan tashoshin da za ta iya riƙewa a lokaci guda. Mai ɗaya, abin da take naɗa shi kaɗai za ka kalla. Mai biyu, ka naɗi ɗaya ka kalli wata. Gidan da ke da yara da manya ya fi dacewa da mai huɗu.

Mataki mafi sauƙi shi ne ƙaramin akwati irin na Mediasonic Homeworx, wanda kuɗinsa bai kai na kebul na wata ɗaya ba. Eriya ta shiga ta baya, wayar HDMI ta tafi talabijin, ka soka faifan ajiya a ramin USB. Ba ya neman intanet, ba ya neman kuɗin wata. Sai dai tasha ɗaya yake kamawa, kuma sau da yawa da hannu za ka sa masa ranar shiri da lokacinsa.

Mataki na biyu shi ne Tablo. Ba a haɗa shi da talabijin kai tsaye. A kusa da eriya ake ajiye shi, ya hau intanet ɗin gida, sannan a kalla ta manhaja a talabijin, Roku, Fire TV ko waya. Wannan yana warware matsalar gidan da tagar sigina take ɗaki ɗaya, talabijin yana wani. Samfurin da ya fito a 2023 yana da ma'ajiyar gigabait 128, kimanin awa 50 na kallo, akwai mai makama biyu da mai huɗu, kuma jadawalin shirye-shiryensa ba a biya.

Mataki na uku na masu hannu a kwamfuta ne: HDHomeRun na kamfanin SiliconDust. Da waya ake haɗa shi da rauta, shi kuma ya raba tashoshin ga duk na'urorin gida. Don naɗa, ko ka biya kamfanin ɗan kuɗi a shekara, ko ka yi amfani da manhajar Plex ko Channels da ake biya, ko Jellyfin wadda kyauta ce amma tana son haƙurin saiti. Ka tanadi faifai babba, domin awa ɗaya na hoto mai kyau kan ci gigabait 5 zuwa 8. Terabait ɗaya zai ɗauki kimanin awa 150. Idan ka ga tsohuwar na'ura da arha a kasuwar 'yan gwanjo, bincika ko kamfanin yana ci gaba da kula da ita. Amazon, alal misali, ta daina sayar da Fire TV Recast tun 2022.

Za ka kuma ci karo da sunan NextGen TV, wato ATSC 3.0, sabon tsarin da FCC ta amince da shi a 2017. Wasu tashoshin da ke kansa sun kulle siginarsu, har na'urorin naɗa da dama ba sa iya buɗewa. Tunda zuwa yanzu ana ci gaba da watsa shirye-shiryen a tsohon tsari, sabon zuwa ba ya buƙatar ƙara kuɗi saboda shi.

Idan ba Amurka ka sauka ba

Kanada tsarinta ɗaya da na Amurka, kuma CBC, CTV da Global suna kan iska a manyan garuruwa. A Birtaniya sunan abin Freeview, tashoshi fiye da 70, kuma gidaje da yawa suna da eriya a rufi da raminta a bangon falo. Akwai na'urorin naɗa na Humax, Panasonic da Manhattan. Amma a kula: duk gidan da ke kallo ko naɗar shiri kai tsaye, a kowace tasha kuma da kowace na'ura, ko yake amfani da BBC iPlayer, dole ya biya lasisin talabijin, sama da fam 170 a shekara. Tarar ƙin biya tana kaiwa fam 1,000. A Jamus kowane gida yana biyan Yuro 18.36 a wata, ko da talabijin ko babu, don haka kada ka yi watsi da wasiƙar idan ta zo. Faransa ta soke irin wannan kuɗi a 2022, kuma tashoshin TNT, wato na eriya, kyauta ne.

Abin da eriya ba za ta kawo ba

Arewa24, NTA, Télé Sahel da finafinan Kannywood sai ta intanet. Haka yawancin wasannin Firimiya da na zakarun Turai, a manhajojin biya suke. Za ka ji ana tallar wani akwati a shagunan unguwa, wai da kuɗi kaɗan za ka samu tashoshin duniya dubu. Yawancinsu na sata ne, sukan mutu rana ɗaya ba wanda za ka kama, kuma mai neman takardun zama ba shi da riba a kusantar abin da doka ta hana.

Bi abin daki-daki. Duba taswira, sayi eriya mai arha, gwada ta a kowace taga, ka yi mako biyu kana kallo. Idan ka ga shirye-shirye suna wuce ka saboda aiki, sai ka ƙara na'urar naɗa daidai da girman iyalinka. Intanet kaɗai za ka biya, kuma idan lokacin gasar da kake so ya zo, ka ɗauki manhaja ta wata ɗaya ka soke bayan an gama. Abin da ya rage a aljihu kowane wata ya tafi haya, makarantar yara ko gida. Idan kuma wani ɗan'uwa ya sauka bayanka, ka nuna masa wannan hanya tun kafin ya sa hannu a takardar kebul.