Me Ya Sa Murhun Lantarki Ke Bukatar Wayarsa Daban?

Wata amarya daga Gummi ta aiko tana cewa an sa mata babban murhun lantarki mai kai huɗu a kayan ɗaki, amma mai wayarin ya ƙi jona shi a soket ɗin kicin. Wai sai an ja masa waya daban, an kuma kafa ƙarfe a ƙasa. Shin dole ne, ko neman kuɗi yake?

Allah ya sanya alheri, 'yata. Mutumin nan ya san aikinsa.

Wutar da Kaduna Electric ke kawo wa gidajen Zamfara bolt 230 ce. Soket mai ƙafa uku kuma iyakarsa amfiya 13, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Idan aka lissafa, abin da zai ɗauka bai wuce wat 3,000 ba. Ƙaramin murhu mai kai ɗaya zai zauna lafiya. Irin naki kuwa, in an kunna shi duka, yakan ja ninki biyu ko fiye. In aka jona shi a soket, sai waya ta ɗau zafi, robar jikinta ta narke, galibi a cikin silin inda ido ba ya kaiwa.

Saboda haka ake ja masa layinsa tun daga akwatin rarraba wuta, yawanci da wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 6, da makatsin wuta mai amfiya 32, sai makunni a bango inda hannu zai kai ba tare da an ƙetara saman tukunya ba.

Ƙarfen da za a kafa shi ne mai tsare rai. Waya mai launin kore da rawaya ce ke haɗa shi da gangar jikin murhun. Duk ranar da wuta ta zubo wa jikin, sai ta bi nan ta shige ƙasa, maimakon ta bi ta hannunki mai danshi. Wasu na zaton wannan wayar na cin kuɗin mita. Ba ta ci, don in babu matsala wuta ba ta bi ta cikinta. Sai dai busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai, don haka masu karatunmu na Anka da Bukkuyum da ke kan tsakuwa su nemi wuri mai laima, a gwada da na'ura, musamman da rani.

Ki roƙe shi ya ƙara na'urar RCD, mai katse wuta nan take in ta fara zuba. Kafin ya taɓa komai kuma, ki tambaye shi takardar shaidarsa ta hukumar NEMSA.