Injin Faskare: Ƙarfin Matsin Mai Da Lissafin Mai Sana'ar Itace

A Sukuntuni da sauran ƙauyukan ƙasar Kankiya da Kusada, itace shi ne makamashin da akasarin gidaje suka dogara da shi wajen girki, kuma faskare sana'a ce da ake ci da iyali da ita. Gatari da guduma da wejin ƙarfe su ne kayan aikin da aka gada. To amma mai sana'ar da kasuwarsa ta fara buɗewa yakan yi tunanin sayen injin faskare, kuma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne lambar da aka rubuta a jikin injin: tan 7, tan 16, tan 25. Da yawa sun ɗauka mafi girman lamba shi ne mafi alheri. Lissafi bai goyi bayan haka ba.

Injin faskare na aiki ne da ƙa'idar da masanin nan na ƙasar Faransa, Blaise Pascal (1623 zuwa 1662), ya bayyana, wato idan aka matsa ruwa ko mai a cikin rufaffen mazubi, matsin yakan bazu daidai wa daida a ko'ina. Da wannan ƙa'ida ne ƙaramin jak ke ɗaga babbar mota. A cikin injin, famfo ne ke tura mai cikin silinda, man ya tura fistin, fistin kuma ya danna gungume a kan weji har ya tsage.

Ana samun ƙarfin injin ne ta hanyar ninka matsin mai da faɗin fuskar fistin. Misali, silindar da faɗin bakinta ya kai santimita 10 tana da fuska mai murabba'in santimita 78.5. Idan matsin ya kai kimanin kilo 200 a kan kowane murabba'in santimita, ƙarfin zai kusan tan 16. In aka faɗaɗa bakin zuwa santimita 12.5, ƙarfin zai haura tan 24. Sai dai a nan gizo ke saƙa. Babbar silinda ta fi cin mai kafin ta cika. Famfon da ke tura lita 30 a minti ɗaya zai kai fistin ƙaramar silindar nisan santimita 60 cikin daƙiƙa 9 da 'yan kai, ita kuwa babbar sai ta ɗauki kusan daƙiƙa 15. Wanda ke fasa ɗaruruwan guntaye a yini, wannan bambanci ƙarin lokacin aiki ne da kuɗin fetur, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Saboda haka irin itacen da mutum ke samu shi ya kamata ya yanke hukunci. Itace yana tsagewa ne ta bin tsawon zarensa. Kirya da marke suna da nauyi da tauri ƙwarai, don haka ne ma maƙera ke son gawayin kirya. Katon gungumensu mai gaɓoɓi na bukatar babban inji. Darbejiya da turare ba su kai su tauri ba, ko da yake zarensu kan murɗe ya ba gatari wahala, kuma matsakaicin inji ya wadatar da su. Wanda kuwa yawancin kayansa rassa ne da ba su fi kaurin damtse ba, gatari mai kaifi ya fi kowane inji sauri, kuɗin inji a wurinsa hasara ce.

Ƙananan injuna masu amfani da lantarki sun fi araha, amma inda wuta ba ta tsayawa sai an haɗa da kuɗin janareta. Kafin a biya kuɗi, ya dace a tabbatar akwai bakaniken da ya san gyaran famfo da tiyo a Kankiya ko Katsina ko Kano, domin ƙurar hunturu idan ta shiga mai tana cinye famfo. Haka kuma injin da sai an riƙe shi da hannu biyu yake motsi ya fi aminci, don tan 16 ba ya bambance gungume da yatsa. Ba a kuma laluben yoyon tiyo da hannu, saboda man da ke fita da irin wannan matsi na iya huda fata.

Akwai wani lissafin da ba a rubuta a jikin inji ba. Inji yana cin itace fiye da yadda gona ke haifarwa, Katsina kuwa tana cikin jihohin da hamada ke yi wa barazana. Wanda ya ci bashi ya sayi babban inji zai matsu ya ciyar da shi, daga nan sai ido ya koma kan gawo da ɗorawar da ke tsaye cikin gonaki. Mai samun itacensa daga rassan da aka rage wa darbejiya, wadda ke sake tohowa bayan sara, shi ne injinsa zai daɗe yana samun aiki.

Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibai ƙa'idar Pascal da sirinji biyu, ƙarami da babba, a haɗa su da siririn tiyo a cika da ruwa. Ɗalibi ɗaya ya danna ƙaramin, wani ya tare babban da yatsa, sa'an nan a auna nisan da kowane fistin ya yi.