Amsoshin Tambayoyinku: Shin Sauya Furosesa Zai Gyara Mini Gem Da Laif?

Tambaya: Ni ɗalibi ne daga Gwaram, ina zaune a Birnin Kudu. Ina da kwamfutar tebur tokumbo mai Core i5-4570 da ram 8GB, ba ta da katin girafik. Ina buga eFootball da GTA V, kuma ina son in riƙa haska wasan kai-tsaye a Facebook. Da na fara laif sai hoto ya riƙa tsinkewa. An ba ni shawarar in saka Core i7. Shin zai biya kuɗinsa?

Amsa: Kada ka fitar da ko kwabo sai ka gano abin da ya gaza a cikin na'urar. Mai ciwon haƙori ba ya warkewa da maganin ciki, kome tsadarsa.

Gwajin kyauta ne. Ka kunna gem da manhajar laif tare, ka danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe. Dubi CPU (furosesa) da GPU (girafik) da Memory (ram). Wanda ya manne kusa da 100 cikin 100 alhali sauran na da sarari, shi ne mai riƙe maka tafiya.

A irin kwamfutarka kusan na san amsar. Zana hoton gem aikin katin girafik ne, kai kuwa ɗan ƙaramin da Intel ta haɗa cikin furosesa kake ɗora wa wannan nauyi. Allon cikin kwamfutarka (motherboard) mai mazaunin LGA1150 ne, ba ya karɓar sababbin furosesa. Abin da za ka iya sakawa bai wuce irin su i7-4770 ba, wanda shi ma a 2013 ya fito, kuma ƙwaƙwalwa huɗu gare shi kamar naka, sai dai kowace na ɗaukar layin aiki biyu. Za ka ɗan ji sauƙi wajen laif, amma hoton gem ba zai canza sosai ba.

Katin girafik kuwa aiki biyu zai yi maka. Katunan Nvidia irin su GTX 1050 Ti da GTX 1650 suna da wani sashe mai suna NVENC wanda ke matse bidiyo kafin a tura shi intanet. Idan ka zaɓe shi a cikin OBS Studio, wadda kyauta ce, an sauke wa furosesa babban kaya. Sai dai ka kula: yawancin tokumbon ofis siraran akwati ne da su, na'urar ba su wuta kuma ƙarama ce. Ka nemi gajeren kati wanda ba ya bukatar ƙarin waya. In za ka je Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ka ɗauki kwamfutar a gwada a gabanka. Bayan kati, ka ɗaga ram zuwa 16GB, sanda biyu iri ɗaya, ka sa SSD in ba ka da shi.

Akwai kuma abin da ya shafi yankinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka. Furosesa in ya kusa digiri 100 yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ka sa a hure ƙurar, a sauya man da ke tsakaninsa da ƙarfen sanyaya. Sau da yawa wannan ɗan gyara ke dawo da ƙarfin da aka zaci ya tsufa.

Sannan sabis. Laif ya dogara ne da saurin turawa, ba na saukewa ba. Hoto mai 720p yana son kusan megabit 3 zuwa 4 a daƙiƙa ba yankewa, wato data kimanin 1.5GB a awa. Ka gwada layukan da ke unguwarku a lokacin da kake son haskawa. Idan OBS ya nuna hotuna na zubewa saboda sabis, babu furosesan da zai magance shi. Haka nan ka tanadi UPS ko inbata, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki na lalata kaya.

Yaushe sauya furosesa ke da riba? Idan kana da kati mai kyau, amma CPU ya cika shi kuma GPU yana zaune a rabi. Ko a lokacin ma, da ka zuba kuɗi a allon 2013, gara ka tara ka sayi mai Intel zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 5 a kan AM4, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta amince da furosesanka a hukumance ba.

Saboda haka ka bi wannan jeri: gwaji, shara, sabis, kati, ram, furosesa a ƙarshe. Kuma ka ware wa wasa lokacinsa don kada ya ci na karatu. Allah ya yi jagora.