Yadda Ake Gane Tsuntsayen Fadama da na Daji a Ƙasashen Asiya

Tsuntsayen kowace ƙasa kashi biyu ne, akwai mazauna, akwai baƙi. Mazauna su ne waɗanda ake gani rani da damina. Baƙi kuwa lokaci ke kawo su, lokaci ke mai da su, kamar yadda shamuwa ke zuwa ƙasar Hausa gab da faɗuwar ruwa, ta tashi da kaka. An shirya wannan darasi domin Hakimai da malamansu, musamman waɗanda ke da fadama a ƙasarsu, saboda waɗansu baƙin da ke sauka fadamun Asiya danginsu ne ke sauka fadamun Haɗejiya da Nguru da bakin Tafkin Cadi.

FADAMAR BARATFUR

An ɗauki misali daga fadamar Kewaladewo, kusa da birnin Baratfur a jihar Rajastan ta ƙasar Indiya. Faɗinta wajen murabba'in mil 11 ne, amma an ƙidaya irin tsuntsu fiye da 350 a cikinta. Dā wurin harbin agwagi ne na sarakunan Baratfur da manyan baƙinsu. A shekarar 1938 Gwamna Janar na Indiya da jama'arsa sun harbe tsuntsu 4,273 a yini guda. A 1982 aka mai da wurin gandun Gwamnati.

ABIN DA ZA A DUBA

Mai son gane tsuntsu kada ya fara da launi, domin launi yakan sāke da shekaru da lokaci, sau da yawa kuma na namiji dabam, na mace dabam. Ga abin da zai bi:

1. Girma. A gwada shi da tsuntsun da aka sani, kamar kurciya, ko zabo, ko gauraka.
2. Baki. Dogo ne ko gajere, miƙaƙƙe ne ko lanƙwasasshe.
3. Ƙafa. Doguwa ce ta shiga ruwa, ko mai fata tsakanin yatsu ta iyo.
4. Tashi. Zalɓe da balbela sukan naɗe wuya in suna tafiya sama, amma gauraka da shamuwa miƙe shi suke yi.
5. Wuri da wata. A ina aka gan shi, cikin wane wata kuma.

MAZAUNAN FADAMA

Babbansu shi ne gaurakan Indiya, wanda mutanen can ke kira saras. Tsayinsa yakan kusa ƙafa 6, babu tsuntsu mai tashi da ya fi shi tsawo. Jikinsa toka-toka ne, kansa da saman wuyansa ja, ba shi da tukku irin na gaurakan ƙasar Hausa. Galibi biyu-biyu ake ganinsu, miji da mata.

Sai wata irin shamuwa fara, mai dogon baki rawaya wanda ya ɗan lanƙwasa ƙasa, da gashi ja-ja wajen wutsiya. Tana sheƙa jama'a-jama'a bisa itatuwan bagaruwa da ke tsaye cikin ruwa, bayan damina ta kankama. Balbela kuwa ita ce dai wadda aka sani, tana bin shanu da ɓauna.

MAZAUNAN DAJI

Ɗawisu ba ya ɓoyuwa. Namiji ne mai shuɗin wuya da dogon gashin baya mai ido-ido, macen kuwa ƙasa-ƙasa ce, ba ta da wannan ado. A 1963 Indiya ta zaɓe shi tsuntsun ƙasa. Tsirya koriya ce mai jan baki da doguwar wutsiya, namijin yana da zobe a wuya, irinta ɗaya da ta ƙasar Hausa. Alhudahuda kuma ana gane shi da tukkunsa, da zanen baƙi da fari a fukafukai.

BAƘI

Baƙi sukan fara isowa wajen watan Oktoba, su koma wajen Maris. Dalili shi ne ruwayen ƙasashensu na arewa, watau Saberiya da Mongoliya da tsakiyar Asiya, suna daskarewa da sanyi, abinci ya yanke.

Akwai dinya mai zane, toka-toka, kanta fari da baƙin layi biyu a ƙeya. Tana ƙetare duwatsun Himalaya kafin ta iso, an kuwa auna tashinta fiye da ƙafa 20,000 sama. Akwai agwagwa mai tsinin wutsiya, namijin yana da kai ruwan ƙasa da farin wuya siriri. Akwai kuma ƙaramar agwagwa wadda namijinta ke da farin layi daga saman ido zuwa ƙeya. Waɗannan agwagi biyu suna cikin masu zuwa fadamun Haɗejiya da Nguru da Tafkin Cadi da hunturu, haka nan wani ɗan tsuntsu mai dogayen ƙafafu da Turawa ke kira raf, wanda ke sauka garke-garke cikin gonakin shinkafa.

Baƙon da ya fi kowa suna a Baratfur dā shi ne farin gaurakan Saberiya, mai jar fuska da baƙin gashi a bakin fukafukai. Yawansa ya yi ta raguwa shekara da shekaru, musamman saboda harbi a kan hanyarsa ta Afganistan da Pakistan, har daga shekarar 2002 ba a ƙara ganinsa can ba. Tsare masauki kaɗai bai isa ba, sai an tsare hanya.

ABIN DA YA SHAFI HAKIMI

A shekarar 2005 murar tsuntsaye ta kashe tsuntsu fiye da 6,000 a Tafkin Cinhai na ƙasar Sin, da yawansu dinya mai zane. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da cutar a wata gonar kaji a jihar Kaduna, shi ne karo na farko a Afirka. Ciwon yana tafiya ta wajen tsuntsayen daji, yana kuma tafiya ta wajen fataucin kaji, saboda haka kisan baƙin tsuntsaye ba magani ba ne. Abin da ake bukata shi ne lura da kai labari da wuri.

1. Malamin Hakimi ya ajiye littafi, ya riƙa rubuta ranar isowar baƙi da ranar tashinsu, da wurin, da kimanin yawansu. In bai san sunan tsuntsu ba, ya rubuta kamanninsa bisa abubuwa biyar da aka ambata, kada ya yi kirdado.
2. Dagatai da masu unguwa su sanar da masunta da mafarauta da makiyaya, in sun ga tsuntsaye matattu da yawa wuri ɗaya kada su taɓa, kada su ci, su kai labari ran nan, Hakimi kuma ya aika wa ma'aikatan dabbobi.
3. In an sami tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, a kwafi lambar da rubutun daidai, a kai wa ma'aikatan gandun daji. Masana ne suka sa zoben, da shi ake sanin inda tsuntsun ya fito.
4. A hana harbi da ɗana tarko a gandun da doka ta tsare, kamar na Dagona a jihar Yobe.

Littafin da aka cika shekara biyar ana rubutawa ba fashi zai nuna wa Hakimi ko fadamarsa tana nan da ƙarfinta, ko kuwa ta fara janyewa, domin tsuntsu yakan ga ƙarancin ruwa tun kafin mai gona ya kawo kuka.