Ɗana na son koyon harbi da bindigar iska

Tambaya: Malam, yarona mai shekara 15 ya dame ni da maganar gasar harbi da ya gani a talabijin. A Nima muke zaune, kuma hankalina bai kwanta ba. In bar shi? Daga wata uwa a Accra.

Amsa: Hajiya, tsoronki na kan hanya, amma wasan halastacce ne. Tun 1984 ake harbi da bindigar iska a gasar Olamfik. Ɗan wasa kan tsaya nesa da allo da mita 10, ya harba ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5 sau 60, yana neman ɗigon tsakiya da bai wuce rabin milimita ba. Natsuwa yake buƙata da iya riƙe numfashi. Mai garaje ba ya kai labari. Da wannan wasan Abhinav Bindra ya ciwo wa Indiya zinare a Beijin a 2008.

Sai dai kada ki saya masa bindiga ya ajiye a gida. Gidajen Nima da Mamobi a cushe suke, yara na ta kai-komo a lungu, ƙwaya ɗaya kuwa ta isa ta tsiyaye ido. Ki tura babansa ko kawunsa ofishin 'yan sanda ya tambayi dokar lasisi da inda ake horarwa bisa izini. Ku je ku gane wa idonku: akwai mai horarwa a tsaye? Ana kulle bindigogi bayan atisaye? In kun gamsu, ki sa masa albarka, da sharaɗin karatu ne gaba.