Amsar Tambaya: Gidan Abinci Mai Sunan Faransanci

Tambaya: Da Sallah zan kai yara wurin lilo a Abuja. Gidan abincin wurin sunan Faransanci gare shi, ina tsoron mu ci haram. Daga wata uwa a Suleja.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Suna ba ya haramta tukunya. A Maraɗi akwai gidajen abinci da yawa da aka rubuta allunansu da Faransanci, masu girkin kuwa Musulmi ne.

Takardar abincin za ki duba. Poulet kaza ce, poisson kifi, agneau ɗan rago. Idan kin ga porc, jambon ko lardons, alade ne, ki kauce. Abin da ya fi damuna shi ne vin, wato giyar inabi, domin girkin Faransa yakan zuba ta cikin miya, ido ba ya gani. Ki tambayi mai kawo abincin kai tsaye, har da batun wanda ya yanka naman. Babu kunya a nan.

Ki tambayi kuɗi kafin a zuba, domin akan ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari. Sannan ku ci bayan lilo, kada cikin yara ya juya. Ku taso da wuri saboda cunkoson Zuba da Madalla.