Hukuncin Fitsarin Kyanwa A Cikin Ɗaki

Masu kiwon kyanwa a ɗaka sukan damu idan ta bar wurin da aka tanadar mata ta tsuguna a kan tabarma ko buzun salla. To, a mazhabar Imamu Malik jikin kyanwa da yawunta masu tsarki ne, saboda hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa, wanda ya karkata mata ruwan alwalarsa ta sha. Amma fitsarinta da kashinta najasa ne, domin cin namanta makaruhi ne. Inda aka tabbata ya shafa sai a wanke da ruwa mai tsarkakewa. In kuwa shakka ake ko ya taɓa tufa, yayyafi ya wadatar.

Sai dai kada a dake ta. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci. Wanda ya kulle dabba, haƙƙinta na wuyansa, har da kaskon yashi mai tsabta nesa da abincinta. Ita mage binne kashinta take yi, in ta ƙi kaskon, galibi ƙazanta ce ko ciwo. A kwashe kullum, amma ban da mace mai ciki, don kashin yakan ɗauki ƙwayar cuta mai illa ga ɗan tayi.

Muzurun da ke ta nishi fitsari bai fito ba, wataƙila hanyar ce ta toshe. A kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, domin jinkirin kwana biyu kan iya halaka shi.